Kun Sunkuyar da Kai Ranar da Huraira Ta Yi Magana

Zuwa ga Alhaji,
Shugaban Kwamitin Gidan Koyon Sana'a na Nakasassu,
Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti. Barkanku da kaka, Allah Ya sa albarka a abin da aka girbe.

Ranka ya daɗe, sunana A'ishatu, matar Malam Sale manomi, daga Tsafe. Ba ka san fuskata ba, amma ka san ɗiyata. Ita ce bebiyar nan da take zama a keken ɗinki na kusa da taga a ɓangaren mata, wadda kuka sallama da bazarar da ta wuce. Allah Ya yi mata rasuwa a Bungudu wajen haihuwa, lokacin da dawa take fitar da kai. Abin da ta haifa ma bai zo da rai ba.

Sunanta Huraira. 'Yar farina ce, ka kuwa san yadda muke, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Tun ranar da aka raɗa mata shi bakina bai taɓa faɗinsa ba. Yau na rubuta shi, domin idan na ce "yarinyar nan" kamar yadda na saba, za a tambaya wace yarinya.

Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, a yi haƙuri da rubutuna. Da izinin mijina na rubuta. Kafin in kai wannan takarda ga jarida na zo gidanka, aka ce kana tare da baƙi. Hajiya ta karɓe ni da mutunci, ta yi mini ta'aziyya, ta ba ni goro da turmin atamfa. Na gode mata. Atamfar tana nan a ninke, don ban san wanda zai ɗinka mini ita ba yanzu. Amma ba ita ta kawo ni ba. Abin da ya kawo ni shi ne labarin da na samu cewa bayan babbar sallah kwamiti zai zauna ya rufe ɓangaren mata, wai don gudun fitina, a mayar da kekunan ɓangaren maza, matan kuma kowacce ta koma gidan ubanta. Wannan ne ya sa na danne kunyar da nake ji na fito da maganar da ya kamata a ce ta tsaya a cikin ɗaki.

Na farko, ina so ka san abin da gidanku ya yi wa ɗiyata na alheri, kada a ɗauka na zo rushe shi.

Sanƙarau ne ya tafi da jinta tana ƙarama, ba a daɗe da yaye ta ba. 'Yan kalmomin da ta fara koya suka bi shi. Ta tashi da hannu take magana, kuma ni da ita muka ƙirƙiro maganar a bakin murhu da wajen daka. Surutu gare ta kamar me. Ba wanda zai shigo gidanmu ya fita ba ta kwaikwayi tafiyarsa ba, har mai unguwa, sai mun toshe baki don kada a jiyo dariyarmu daga zaure. Amma a waje ba ta da suna sai Bebiya. Yara suna bin ta da jifa idan aka aike ta rijiya, manya kuma suna zancenta a gabanta kamar ba mutum ce tsaye ba.

Shekarar da aka canza kuɗi aka yi shela a kasuwar Tsafe cewa kuna ɗaukar nakasassu mata. Mahaifinta ya yi ta jinkiri, daga baya ya yarda. Ta faɗa hannun Malama Rifkatu, mai koyar da ɗinki a gidanku, wadda ita ma da sanda take tafiya. Ba addininmu ɗaya da ita ba, amma ban ga wanda ya riƙe mini ɗiya kamarta ba. Ta zauna ta koyi hannun Huraira kamar yadda Huraira ta koyi kekenta. Duk zuwan da ɗiyata za ta yi gida sai mu ga ta ƙara miƙewa. Matan unguwa da a da suke korar ta daga bakin ƙofarsu suka fara ajiye yadinsu na sallah suna jiran motar Gusau ta sauke ta. Da yatsu take ciniki, kuma ban taɓa ganin an kayar da ita ba. Rigar da ta fara ɗinkawa da kanta ni ta kawo wa. Ban yaba ba, don ba a yabon ɗan fari, sai na sa ta na shiga gidan biki. Ta gani, ta kuma gane.

Gidanku ne ya yi wannan. Ban manta ba, kuma ba zan bari a ce na manta ba.

Na biyu, ga abin da aka yi mata a cikin gidan nan.

Tsarin aikinku shi ne kowace mace ta je sito da kanta ta karɓi yadi da zaren aikinta daga hannun mai riƙe da makulli. Namiji ne, sito kuma yana can baya, bayan ɗakin guga. Ba zan rubuta sunansa ba, kun san shi, har yau makullin yana rataye a ƙugunsa. Ya riƙa barin Huraira a ƙarshe, sai sauran sun tafi alwalar azahar sannan ya yafito ta. Ya zaɓe ta ne don ya tabbata ko ta fito ba ta da bakin faɗa. Malama Rifkatu ta lura yarinya ta fara ƙin zuwa sito, tana tura wata ta karɓo mata, shi kuwa ya kai ƙara ofis cewa bebiya ta fara taurin kai, kuma dokar gida ce kowa ya karɓi kayansa da hannunsa. Aka tilasta mata ta koma.

Ni ta gaya wa, da ta zo gida bayan an gama sussuka. Ta ja ni ɗaki ta saki labule ta nuna mini komai. Abin da na ji a ranar ba zan iya sa shi a takarda ba. A lokacin ciki ya riga ya shiga. Na gaya wa mijina, shi kuma ya kai wa yayansa Malam Audu, domin shi ne babba a gidan, maganar ɗiya irin wannan ba ta wuce shi. Shi ya kawo ƙara gabanku.

Na uku, zaman da kuka yi. A nan ne nake roƙo ka karanta a hankali, don na san kai ma kana wurin, amma ba abu ɗaya muka gani ba.

Kun zauna a ofis a kan kujeru, dattawa masu mutunci, Malam Audu yana gefe a madadin gidanmu. Mijina bai shiga ba saboda 'yar fari ce. Ni ma an ce bai kamata in biyo su ba tun daga Tsafe, na nace, aka bar ni a bakin ƙofa tare da Malama Rifkatu, muna hangen ciki ta gefen labule. Malam Audu mutumin kirki ne, amma bai taɓa zama da Huraira ba. Ko "ruwa" ta ce da hannu ba zai gane ba. Shi aka ba wa bakinta.

Mai makulli kuka fara tambaya. Ya yi magana mai tsawo da ladabi. Ya ce yarinyar tana da rawar kai, ana ganinta wajen tasha, shi uba ne gare su duka. Huraira tana zaune a tabarma tana kallon leɓɓansa, ba ta san abin da yake ɗora mata ba. Da ya gama aka taɓa kafaɗarta aka nuna mata ta yi nata.

Ta miƙe tsaye. Ta nuna makulli a ƙugu, ta nuna mutumin da yatsa. Ta nuna rana a tsaka, ta nuna mata suna tafiya da buta. Ta nuna ƙofa an tura, an murɗa makulli ta ciki. Ta nuna dilar yadi da aka tura ta a kai. Ta kai tafin hannu ta danne bakinta, domin har bakinta ya toshe, ita da ba ta da magana. Zuwa nan duk kuna kallo. Sai hannunta ya sauka zuwa ga bakin zaninta.

Ranka ya daɗe, a nan kuka sunkuyar da kai, dukanku. Wani ya ja hannun babbar riga ya rufe fuska. Wani ya fara neman tsari da Allah. Kai ka zuba wa carbinka ido. Na san dalili. Ku mutanen kirki ne masu kunya, ba ku saba a nuna irin wannan a gabanku ba, kuma da wata ce mai baki take faɗa, da kun sunkuya kunnuwanku suna ji, ba a rasa komai ba. Amma ita a hannu maganarta take. Da kuka kawar da ido kun fita daga ɗakin ne kuka bar ta. Ta ci gaba da nunawa tana juyawa daga wannan kujera zuwa waccan, tana neman ido ɗaya, ba ta samu komai ba sai saman huluna. Mutum ɗaya ne a ɗakin nan bai ɗauke ido daga kanta ba, shi ne wanda ya yi mata abin.

Malam Audu ya tashi ya kama hannuwanta ya sauke su, ya zaunar da ita. Sai ta waiwayo bakin ƙofa ta kalle ni.

Na ɗaga labule na ce, "Ranka ya daɗe, ni na ji abin da ta ce."

Malam Audu ya juyo ya ce, "A'i, 'yar fari ce fa. A gaban manya? Ina kunyarki?"

Duk ɗakin ya juyo yana kallona, idanun da ɗiyata ta nema ta rasa. Na saki labule. Malama Rifkatu ta nemi ta yi bayani, aka ce ita ma'aikaciya ce, ba dangi ba, ta bari. Sannan ka yanke magana da cewa ba a ji komai daga bakin yarinya ba, ba a kuma kama mutum da hannu ba, saboda haka a rufa wa kowa asiri, yarinya ta koma gida. Aka yi fatiha aka tashi.

Ba na cewa kun yi da mugunta. Amma ina jin kunyar ranar nan har yau, tawa da taku. Garin nan cike yake da malamai da alƙalai da 'yan boko, a ce an rasa wanda zai iya kallon hannun yarinya na ɗan lokaci.

Na huɗu, abin da rufin asirin ya haifar.

Malam Audu ya ce ba za ta zauna a Tsafe ciki yana girma a idon mutane ba. Aka kai ta Bungudu gidan gwaggonta. Kowace mace a ɗakin uwarta take haihuwar fari, ita aka hana ta don ba ta hanyar aure ya zo ba, kamar ita ta je ta nemo shi. Mutanen gidan ba su zalunce ta ba. Sun ba ta abinci da wurin kwana a ɗakin baya, sun hana ta leƙa waje. Sai dai ba mai gane ta ko ɗaya. Yarinyar da surutu ya yi wa yawa ta yi damina guda ba ta yi hira da kowa ba.

Na samu na je ganinta ana tsakiyar noma. Na tarar da ita zaune bakin gado, ƙafafunta suna motsi gaba da baya a ƙasa kamar tana taka keke. Ba ta tambaye ni mutumin nan ba. Ta tambaye ni ko Malama ta ba wata wurinta na kusa da taga, da kuma yaushe za ta koma. Na ce mata bayan ta sauka. Ta yi dariya ta nuna mini cewa za ta goya jaririn ta yi ɗinki, ƙarar keke ba za ta dame ta ba, shi dai ya ji da kansa.

Naƙuda ta zo mata da gardama. Ba ta iya cewa ga inda yake mata ciwo ba, su kuma da ba su ji kururuwa irin wadda suka saba ji ba, suka ɗauka da sauran lokaci. Kafin a gane a nemo mota zuwa asibitin Gusau, abu ya wuce. Saƙo ya iso mini an riga an kai ta makwancinta.

Da na je, gwaggonta tana kuka ta ce akwai wani abu da yarinyar ta yi ta yi tun da ciwon ya fara har ƙarfinta ya ƙare, su ba su san me take nufi ba. Ta kai yatsa biyu ta shafa kumatunta na hagu, ta ce, "A'i, mene ne wannan? Ko ruwa take so?" Ina da 'yar tsaga a kumatun hagu. Haka take kirana tun tana ƙarama.

Na biyar, maganar rufe ɓangaren mata.

An ce dalilinku shi ne tara mata nakasassu wuri ɗaya yana jawo abin kunya. Ranka ya daɗe, wace ce a cikinsu ta jawo? Makauniyar da take saƙa a bakin ƙofa, ko guragun da suke jan jiki su hau keken hannu tun da safe? Mutum ɗaya ne ya yi ɓarna, shi za a bari da makulli, su a kore su. Idan kun mayar da su gida, ba ɗakin aminci kuka mayar da su ba. Wasu za a ajiye su a lungu a riƙa miƙa musu tuwo. Wasu za su ƙare a bakin tasha da kasuwa suna miƙa hannu, can kuwa irin mai makulli ba ɗaya ba ne, kuma ba Malama Rifkatu da za ta lura yarinya ta canza. Ni na san yadda ɗiyata take kafin gidanku da yadda ta zama bayansa. Ko a ɗakin da aka ɓoye ta, gidanku take mafarkin komawa. Kada a ce saboda ita aka rufe shi. Wannan zai zama an zalunce ta sau biyu, kuma ba ta nan balle ta ce ba ta yarda ba.

Saboda haka ga roƙona.

Kada ku rufe ɓangaren mata, kada ku taɓa keke ko ɗaya.

Ku karɓe makulli daga hannun mutumin nan, ku miƙa maganarsa gaban alƙali. Ban ce ku hukunta shi da bakina ba. Na ce a sake ji. Duk abin da Huraira ta nuna a ofishinku yana nan a kaina, Malama Rifkatu ma ta gani ta gane. Zan zo in faɗe shi da baki a gaban kowa, a kira ni marar kunya. Mijina ya ce zai raka ni, ya kuma gaya wa yayansa haka. Kuma a tambayi sauran matan, kowacce ita kaɗai, mace ta tambaye ta. Ban ce na san wani abu ba, amma ban yarda daga ɗiyata ya fara ba.

Kayan aikin mata su koma hannun mace. Malama Rifkatu tana nan, in kuma ba ita ba, ku nemo wata. Kada a sake tura mace ita kaɗai bayan gida wurin namiji da sunan doka.

Daga yau duk bebiyar da ta kawo kuka, a zaunar da wanda ya san hannunta kusa da ita, ko uwarta ce, ko ita ce ta fari. Idan dattawa ba za su iya kallo ba, ban ga laifinsu ba, amma su sa mata a cikin masu zaman. Kuna da mata a gidajenku masu hankali da tsoron Allah, akwai malaman makaranta mata, akwai ungozomomi. Su za su iya kallo.

Ba na neman diyya, ba na neman a zo mini ta'aziyya da mota.

Akwai wata mata daga Nahuce da ta zo mini gaisuwa har Tsafe, ban taɓa saninta ba. Ɗiyarta bebiya ce, ba ta daɗe da shiga gidanku ba, ita aka ba wa keken kusa da taga. Ta ce yarinyar ta fara iya ɗinka wuyan riga, har ta fara dariya da mutane. Bayan an watse ta matso kusa da ni ta ce ta ji abin da ya faru, mijinta ya ce a je a ɗauko yarinya tun kafin a kore ta ko a lalata ta, ita kuma ta rasa yadda za ta yi, domin ta san lungun da za ta koma. Ta ce ni ce na san gidan ciki da waje, in gaya mata gaskiya, ta bar ta ko ta ɗauko ta.

Idan na ce ta bar ta, makulli yana inda yake. Idan na ce ta ɗauko ta, na san abin da na raba yarinyar da shi. Na roƙe ta ta ba ni zuwa bayan sallah. Ta ce za ta dawo ranar kasuwar da ta biyo baya, kuma mijinta ba zai ƙara mata ko kwana ɗaya ba. Amsar da zan ba ta tana hannunka, ranka ya daɗe.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya yi maka jagora a zaman da za ku yi, Ya tsare maka 'ya'yanka mata da jikokinka daga abin da ba za su iya faɗa ba. Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa Huraira a addu'a, da sunanta.

Wassalam.

Ni ce,
A'ishatu matar Malam Sale,
Tsafe.